Hoton Maginiyar Tukwane a Ƙasar Zuru: Nazarin Wata Yarda da Ba Ta Cika Ba

Wannan nazari ya shafi hoto guda ɗaya da aka ɗauka a wani ƙauye da ke gindin duwatsun ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, da rigimar da ta biyo bayansa har ta kai ga zama a zauren mai gari. Na san maganar ciki da bai, domin saurayin da ya ɗauki hoton a hannuna ya koyi riƙe kyamara a Birnin Kebbi, kuma ni aka nema in raka shi ranar sasanci. Ban ambaci sunansa ko na tsohuwar da ke cikin hoton ko na ƙauyen ba, saboda iyalinta sun roƙi a sakaya, kuma mai karatu zai ga dalili nan gaba.

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba. Mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, suna maƙwabtaka da Dukkawa da Fakkawa da Kambari. An san su da golmo, noman da samari ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba su aure, da bikin Uhola na bayan girbi, da kuma tukwanen ado da mata ke ginawa ana ɗorawa a kan kaburburan manya. A gida ɗaya sai ka tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin kaka da kakanni suna cin tuwo a kwano guda. Ƙasar ta yi suna wajen aikin soja, daga cikinta Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Na kawo wannan ne domin a san cewa mutanen da aka je ɗauka hoto sun daɗe cikin harkokin Nijeriya, wasunsu ma sun ga ƙasashen da mai hoton bai taɓa takawa ba.

Saurayin yana samun abincinsa ne daga hotunan biki da suna, idan kuma bikin kamun kifi na Argungu ya zo ya je ya gwada sa'arsa. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne hotunan da Turawa ke bazawa a Instagram na mutanen kwarin Omo a Habasha da na Woɗaaɓen Nijar a lokacin bikinsu na Gerewol, fuskoki cike da zane, babu wani abin zamani a kusa da su. Sai ya ce a ransa, ga irin wannan a bayan gidanmu, don me sai baƙo ya zo ya ɗauka? Bayan an kammala girbin dawa ya shiga mota zuwa Zuru, daga can ya hau kabu-kabu tare da wani malamin firamare ɗan ƙasar da zai yi masa tafinta. Sun fara da gidan mai gari, suka gaishe shi, suka ajiye goro, aka ce musu su shiga gari ba laifi. A lissafin saurayin, izini ya samu ke nan.

A ƙarƙashin wata ɗorawa suka tarar da tsohuwar, ta miƙe ƙafafu, yumɓu a gabanta, tana murza bakin wani tulu da ɗanyen ganye. Tana da tsagar gado a kumatu da goshi, irin wadda ba a ganin ta a fuskar 'yan ƙasa da shekara talatin. Na ga hoton farko da ya ɗauka kafin ya taɓa komai, kuma a ganina ya fi duk sauran daraja. Tana sanye da rigar sanyi ta gwanjo saboda hunturu, da kallabi. Ruwan da take tsoma hannu yana cikin shuɗin bokitin roba, silifas ɗinta na gefe, ƙaramar rediyo na rataye a reshe, ga ƙaramar waya ƙulle a bakin zanenta. A bayanta ana hango ɗaki mai rufin kwano da faifan sola a kansa.

Saurayin bai gamsu da wannan ba. Ya ɗauke bokitin ya kawo ƙwarya, ya kawar da silifas da rediyo, ya juya tsohuwar yadda katangar rumbu za ta zama bayanta maimakon ɗakin kwano. Sannan ya sa tafinta ya tambaye ta ko za ta cire rigar sanyi da kallabi ta yi ɗaurin ƙirji kamar na dā. Ta yi dariya ta yarda, domin haka take zama cikin mata idan zafi ya yi. Wata maƙwabciya ta shiga ɗaki ta fito da tsofaffin duwatsun wuya na marigayiya mahaifiyarta aka rataya mata. Tulun da take ginawa ya yi masa sabo da yawa, sai ya hango wata tukunya a jingine da danga, ta yi baƙi, bakinta ya tsage, ya ɗauko ya ɗora mata a cinya. Ya jira bayan la'asar lokacin da hazo ya tace hasken rana, ya durƙusa daidai tsayin idonta, ya yi amfani da madubin kyamara mai nisan milimita 85 ya buɗe shi sosai har katangar ta narke ta zama jan inuwa. Ta fuskar sana'a hoton ya yi kyau ƙwarai, ba zan hana shi wannan ba.

A wurin neman yarda ne zaren ya fara tsinkewa. Da Hausa saurayin ya ce yana ɗaukar hotunan ne don tarihi, don duniya ta ga al'adunsu. Tafinta ya ga wannan jawabi ya yi tsawo, sai ya gajarta mata da C'lela cewa yaron nan zai ɗauke ta hoto ya kawo mata. Ita kuma da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce masa, "Ɗana, in ka wanke ka kawo mini babba, jikokina su riƙa ganina." Ya ce, "To, Inna, zan kawo." Da zai tafi ya damƙa mata kuɗi a hannu. Shi ya ɗauke su ladan hoto, wanda ya mallaka masa shi ya yi yadda ya ga dama. Ita ta ɗauke su gaisuwar da yaro mai ladabi ke yi wa tsohuwa. Sun rabu kowa na murna, alhali ba abu ɗaya suka ƙulla ba.

Ya sa hoton a Facebook da Instagram, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa ga mutanen da zamani ya manta da su a duwatsun Zuru, ya kuma ambaci sunan ƙauyen, ya haɗa da hotunan rumbuna cike da dawa da na shanu a turke. Cikin 'yan kwanaki masu shafukan neman mabiya suka kwafe shi, suka yanke sunansa daga gefe, kowa ya liƙa nasa bayanin. Wani ya rubuta cewa ƙabila ce da har yau ba ta san tufafi ba. A ƙarƙashi masu sharhi suka yi ta kiran su arna, wasu na neman a kai musu ɗaukin wa'azi, wasu na dariya. A wannan tsakanin saurayin ya kai babban bugu na hoton wani baje koli a Abuja, aka saya da kuɗin da ya fi abin da yake samu a bukukuwa da yawa. Na tsohuwa kuwa bai wanke ba, kullum yana cewa sai ya samu mai zuwa.

Jikarta, wadda ke karatun aikin jinya a wata makaranta a birni, ita ce ta fara ganin hoton, a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, wata ta turo tana tambaya cikin raha ko haka ake yawo a garinsu. Ta kira kawunta, wani soja mai ritaya, shi kuma ya bi ta hannun malamin firamare ya samu lambar saurayin.

Kafin in kawo yadda zaman ya kasance, ya kamata a san cewa abin da saurayin ya yi tsohuwar ɗabi'a ce a wannan sana'a. Ba'amurken nan Edward Curtis, wanda attajiri J. P. Morgan ya ɗauki nauyinsa, ya fitar da kundi 20 na hotunan 'yan asalin Arewacin Amurka tsakanin 1907 da 1930. A cikinsu akwai hoton wasu maza biyu 'yan ƙabilar Piegan zaune cikin tanti. A ainihin abin da kyamara ta ɗauka akwai agogon tebur a tsakaninsu, amma a wanda aka buga an goge agogon. Sama da shekara ɗari bayan haka, a 2013, Baturen Ingila Jimmy Nelson ya fitar da wani katafaren littafin hotuna wanda sunansa ke nufin a gan su kafin su shuɗe, kuma Stephen Corry, shugaban ƙungiyar Survival International mai kare haƙƙin 'yan asalin ƙasa a lokacin, ya soke shi da cewa ya nuna 'yan matan Waorani na Ekwado ba tare da tufafin da suke sawa yau da kullum ba. A nan gida ma, yadda jaridu suka yi ta yayata mutanen Koma na duwatsun Adamawa a 1986, kamar a ranar aka halicce su, bai yi nisa da wannan ba. Bokitin roba da saurayinmu ya kawar ɗan'uwan agogon Curtis ne, ko da yake bai taɓa jin sunan Curtis ba sai da na gaya masa a mota.

Akwai wata hanyar, kuma a Afirka ta Yamma aka bi ta. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a Bamako, babban birnin Mali, a 1948, kuma ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da babur domin masu zuwa su zaɓa su tsaya da su. A wurin Curtis fitar da agogo ake yi, a wurin Keïta shigo da shi ake yi, kuma dalilin bambancin a fili yake. Mutanen Bamako su ke biyan kuɗin hoton, su za su tafi da shi gida, saboda haka yadda suke son a gan su shi ne doka. Mutanen Curtis kuwa an ɗauke su ne domin idon wani da ke nesa, wanda ya riga ya yanke a ransa yadda ya kamata su kasance. Duk lokacin da mai kallo ne ke biya, wanda ke cikin hoton kuma ba zai taɓa ganin inda aka rataye shi ba, to jarabar gyara shi don ya dace da sha'awar mai saye tana da ƙarfi, ko mai kyamarar Bature ne ko Bakabe.

Hujjar saurayin tana da nauyi, kuma ban ga adalci a yi watsi da ita ba. Tsagar fuska tana ƙarewa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta hana yi wa yaro ita. Roba da alminiyam sun ci kasuwar tukwane, 'yan mata ba sa zama su koya. Idan wannan tsara ta tsofaffi ta wuce ba tare da an ɗauke su ba, babu inda za a sake ganin fuskokin nan. J. D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya, ya fara tattara hotunan kitson matan Nijeriya a 1968 bisa irin wannan tunani, kuma yau ana gode masa. Sai dai Ojeikere kitson da ya tarar a kai shi ya ɗauka, yana neman sunan kowane salo da inda ya fito. Wanda ya ce tarihi yake adanawa, sannan ya rataya wa mace duwatsun wata, ya ɗora mata wata tukunya dabam da abin da take ginawa, ya ɓata shaidar da ya ce ya zo ceto. Ɗalibin da zai duba hoton nan bayan shekara hamsin zai ɗauka haka matan ƙasar Zuru ke zaman aiki a zamaninmu, kuma zai yi kuskure.

Ta fuskar doka, kowane ɓangare na da abin riƙewa. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi a mafi yawan lokuta, saboda haka masu shafukan da suka yanke sunan saurayin sun ci haƙƙinsa shi ma. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ce yarda ba ta inganta sai an ba da ita cikin sani, a kan takamaiman abu, kuma mai ita na iya janye ta, ko da yake ta yi sassauci ga aikin jarida da na fasaha. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta ba al'ummomi iko a kan gadon al'adunsu a sashe na 31, amma Nijeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar, kuma sanarwa ce wadda ba ta tilasta wa kowa. Babu wanda ya yi zancen kotu a cikinsu, kuma da an je, lauyoyi ne za su ci riba.

A zauren mai gari aka zauna da hantsi. Tsohon sojan ne ya fara magana, a tsaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi wa ƙasar nan aiki har na yi ritaya, yau an wayi gari ana nuna uwata a waya ana cewa ba mu san riga ba." Mai gari ya saurare shi har ya gama, sannan ya juya ga saurayin da wata magana da babu wanda ya zo da ita a cikinmu. Ya ce, "Yaro, goron da ka kawo na shiga gari ne. Ban ba ka fuskar kowa ba, don ba tawa ba ce. Kuma ka rubuta sunan garina, ka nuna rumbunanmu da shanunmu, a wannan lokaci da 'yan bindiga suka tashi garuruwa a ƙasar nan. Su ma suna da waya." Saurayin ya sunkuyar da kai, ni ma haka, domin ban taɓa koya masa wannan ba.

Da aka ba tsohuwar dama, sai ta nemi a nuna mata hoton, wanda har ranar ba ta gan shi ba. Ta riƙe wayar nesa da fuska ta daɗe tana dubawa. Duk mun zaci za ta yi kukan kafaɗunta da aka bari a buɗe, wanda shi ne abin da ya fi ƙona ran jikarta. Ba ta ko ambace shi ba. Ta sa yatsa a kan tukunyar, ta yi magana mai tsawo da C'lela, malamin firamare ya fassara, wannan karon bai rage komai ba. Ta ce tukunyar nan ta fashe ne a wurin gashi tun bara, ta jefar da ita kaji na shan ruwa a ciki. Ta ce tun tana budurwa take gini, har daga wasu garuruwa ake zuwa sayen randarta, ga shi an nuna wa duniya ita rungume da abin da ko almajirar gini ba za ta kai kasuwa ba. Ta tambaya ko an rubuta a ƙasa cewa ita maginiya ce. Aka ce ba a rubuta ba. Sai ta juyo ga saurayin da Hausa ta ce, "Kuma ɗana, ka ce za ka kawo mini."

Wannan ya nuna mini cewa ko mu da muka zo da niyyar kare ta mun yi mata irin abin da mai hoton ya yi, mun yanke hukuncin abin da ya dame ta ba tare da mun tambaye ta ba. Jikar tana jin kunyar birni, ɗan yana jin zafin mutuncin gida, mai gari yana tunanin tsaron jama'arsa, ita kuwa sunanta na sana'a take karewa. Da an zauna da ita minti goma tun farko, an nuna mata a waya abin da ake nufi da sa hoto a intanet, an tambaye ta da me take son a gan ta, da ita da kanta ta zaɓo abin da za ta riƙe.

An tashi a kan cewa saurayin zai sauke duk hotunan ƙauyen daga shafukansa, ya rubuta gyara da ban haƙuri a wurin da ya sa na farko, ya ba tsohuwar rabin kuɗin bugun da ya sayar, kuma duk bayanin da zai rubuta a ƙarƙashin hoton wani ɗan garin nan gaba sai an karanta wa mai shi da C'lela ya amince. Tsohon sojan ya so a karɓe kyamarar, mai gari ya hana. Saurayin ya kai ƙarar wasu shafukan ga Facebook a matsayinsa na mai hoton, aka sauke kaɗan, sauran suka yi yawa.

A yammacin ranar ya sake ɗaukar ta, bisa sharaɗinta. Ta yi wanka, ta sa atamfar da ɗanta ya saya mata, ta ɗaura kallabi, ta sa silifas, ta ce a fito da babbar randar da ta gama a makon, mai zanen layuka a wuya, a ajiye a damanta. Ta riƙe wayarta a hannun hagu yadda za a gan ta, ta tsaya a ƙofar ɗakin kwanon, ta kira jikoki uku suka tsaya a gabanta. Ta ƙi yin murmushi duk da roƙon da aka yi mata. Bayan mako biyu ya koma da kansa ya kai mata shi cikin firam, tare da wancan na farko mai bokitin roba da rediyo, wanda ta ce a rataye shi a ciki saboda rigar sanyin ta tsufa.

Da izininta ya sa hoton randar a shafinsa, da bayanin cewa maginiyar tukwane ce daga ƙasar Zuru, ba sunan gari. Mutane ƙalilan ne suka kula shi. Hoton ɗaurin ƙirjin kuwa yana nan yana yawo. A watan jiya wani abokin aikina ya turo mini shi daga wani shafi, an mayar da shi baƙi da fari, an rubuta a ƙasa cewa wani Bature ne ya ɗauke shi a zamanin mulkin mallaka.